Ƙaro ilimi ga lauyoyin shari'o'in iyali: Yadda tsarin yake a Najeriya

Ranar da aka rantsar da mutum a matsayin lauya, 'yan uwa kan ɗauka ya yi sallama da aji ke nan. A ƙa'idar sana'ar kuwa, akwai sauran karatu a gabansa. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, tana da tsarin da ya wajabta wa kowane lauya mai aiki ya halarci kwasa-kwasai da tarukan bita a kowace shekara, ya tara adadin sa'o'in da aka ƙayyade masa. Wannan shi ake kira ƙaro ilimi na dole.

Tsarin ya shafi duk lauyoyi, sai dai buƙatarsa ta fi tsanani ga masu riƙe da shari'o'in aure, saki, riƙon yara, ciyarwa, wasiyya da gado. Kuskuren lauya a shari'ar kwangila kuɗi yake ci. Kuskurensa a shari'ar iyali kan raba uwa da ɗanta, ko ya riƙe dukiyar marayu a kotu shekara da shekaru, har shagon da ake taƙaddama a kansa ya mutu.

Asalin tsarin

Wajabta wa lauyoyi komawa aji ya fara ne a Amurka, inda Jihar Minesota ta kafa dokar hakan a shekarar 1975, wasu jihohi suka bi sahu. A Najeriya, maganar ta sami gindin zama da Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya na shekarar 2007. Ƙa'ida ta 11 ta ce duk lauyan da ke son yin aiki sai ya shiga shirin ƙaro ilimi da NBA ke gudanarwa, ya kuma cika sharuɗɗansa. Ta lissafa hanyoyin samun maki: halartar kwasa-kwasan da aka amince da su, da laccoci da tarukan ƙara wa juna sani, da rubutu kan doka a littattafai ko mujallu ko jaridu, da karatun neman ƙarin shaidar ƙwarewa.

A wancan tsari na farko, sabon lauya da bai wuce shekara 5 da fara aiki ba an ɗora masa awa 24 a shekara, mai shekara 5 zuwa 10 awa 18, wanda ya haura shekara 10 kuma awa 12. NBA ta damƙa aikin a hannun wata cibiya tata ta musamman, wadda ke tantance masu bayar da horo, ta kuma ajiye lissafin makin kowa. An sabunta ƙa'idojin ɗa'ar a 2023, sabon kundin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, sannan a 2025 ƙungiyar ta fito da sababbin dokokin ƙaro ilimi da suka tsayar da mafi ƙarancin abin da ake nema a kan awa 5 a shekara.

Shekaru da dama dokar ta fi ƙarfi a takarda. Da ƙungiyar ta yunƙura ta ɗaure ta da izinin aiki, sai gardama ta tashi a tsakanin lauyoyin kansu. Masu adawa suna cewa Dokar Lauyoyi da majalisa ta yi ta rataya izinin tsayawa a kotu ne a kan biyan kuɗin aiki na shekara, don haka ƙungiya ba ta da ikon ƙara wani sharaɗi daga aljihunta. Masu goyon baya suna cewa sana'ar da ake damƙa wa amanar mutane ba za ta bar kowa da iya abin da ya sani ranar da ya fita makaranta ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma babu wanda ke musun cewa doka na sauyawa.

Dokoki uku, gida ɗaya

Abin da ya bambanta fagen iyali da sauran fagage shi ne babu dokar iyali guda ɗaya a Najeriya. Guda uku ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowace da kotunta da hanyar kafa hujjarta.

Ta farko ita ce ta auren rajista, wanda jama'a suka fi kira auren kotu. Dokar Aure ta 1914 ce ke tsara ƙulla shi, Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 kuma ke tsara warware shi. Auren mace ɗaya ne. Wanda ya ƙara aure a kansa ya aikata laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5. Babbar Kotu kaɗai ke raba shi, kuma dalili ɗaya doka ta sani, wato auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba. Mai ƙara zai tabbatar da haka ta ɗaya daga cikin hujjojin da sashe na 15 ya zayyana, kamar ƙaurace wa abokin zama na shekara guda, ko zama a rabe na shekara 2 idan ɗayan bai ƙi rabuwar ba, ko na shekara 3 ko da ya ƙi. Ba a shigar da ƙarar rabuwa kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, in ban da wasu 'yan dalilai da dokar ta ware. Ko bayan an yanke hukunci, na wucin gadi ne, yawanci sai bayan wata 3 yake tabbata. Wanda ya yi gaggawar ɗaura wani aure a cikin wannan tsakani ya jefa kansa cikin rigima.

Ta biyu ita ce Shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda ita ke hukunta mafi yawan shari'o'in iyali a jihohin Arewa. Yawancin hukunce-hukuncenta ba a rubuce suke sashe-sashe kamar dokar majalisa ba. Alƙali yana komawa ne ga littattafan fiƙihu: Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Khalil da sharhohinsa irin su Jawahirul Iklil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, da As'halul Madarik na Shehu Abubakar Hassan Bakatsine. Lauyan da bai iya buɗe waɗannan littattafai ya gano mas'ala ba, ko ya nemi wanda zai gano masa, ɗan kallo ne a wannan kotu, komai kyan rigarsa. An yi yunƙurin tattara hukunce-hukuncen a kundi guda a Kano, wanda Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi ta magana a kai a 2017, kuma muhawarar da ta biyo baya ta nuna irin nauyin da al'amarin ke da shi a zukatan jama'a.

Ta uku ita ce dokar gargajiya, wadda ta bambanta daga ƙabila zuwa ƙabila, kuma sau da yawa sai an kawo shaidu sun tabbatar da ita a gaban kotu. A nan ma akwai abin lura: a shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa Shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce, tsari ne cikakke mai zaman kansa.

To, me lauya ya karanta daga cikin waɗannan? A jami'o'i da dama dokar iyali darasin zaɓi ne, ɗalibi na iya kammala digiri bai taɓa shi ba. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, da Bayero da ke Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Maiduguri da Ilorin suna da digirin da ya haɗa dokar Bature da Shari'ar Musulunci, amma ba kowa ke bin wannan layi ba. Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962 kuma take da rassa har da na Bagauda a Kano da na Yola, shekara ɗaya take riƙe ɗalibi, ta koya masa yadda ake gudanar da ƙara da rubuta takardu. Shari'ar aure da wasiyya ɗan yanki ne na manhajarta. Sauran sai a bakin aiki, ko a ɗakin bita.

Abubuwan da suka sauya

Lauyan da ya fita makaranta a farkon shekarun 2000 ya tarar da fage daban da na yau. A 2003 aka yi Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya. Ta ɗora maslahar yaro a sama da komai a duk hukuncin da ya shafe shi, ta tsayar da shekara 18 a matsayin shekarun aure, ta kafa Kotun Iyali a mataki biyu, na Majistare da na Babbar Kotu, inda ake zama ba tare da 'yan kallo ba. Ta kuma bai wa kotu ikon yin umarni da gwajin kimiyya idan ana gardamar uban yaro. Dokar da kanta ta yi tanadin cewa a riƙa bai wa ma'aikatan wannan kotu horo da kwasa-kwasan sabunta sani, alamar masu rubuta ta sun san sabon aiki suka ƙirƙiro.

Sai dai dokar tarayya ce, a Abuja take aiki kai tsaye. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bai wa tarayya iko a kan ƙulla aure da warware shi, amma ya cire auren Musulunci da na gargajiya. Saboda haka kowace jiha ta yi tata dokar, a lokacin da ta ga dama, da gyare-gyaren da ta ga sun dace da jama'arta. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano kuma a 2023. Kalmomin dokokin ba ɗaya ba ne, musamman a kan shekarun aure da ɗaukar riƙon yaro. Lauyan da ya haddace ta tarayya ya je yana karanto ta a Dutse ko Gusau, ba tare da ya duba ta jihar ba, zai sha mamaki.

Haka abin yake ga Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015. Ta mayar da korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi, haka ma watsar da mata da yara ba ci ba sha, ta kuma ba da damar neman umarnin kariya daga kotu. Ita ma sai jiha ta karɓe ta take aiki a can. A 2024 kuma Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta ƙunshi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta, da nau'in jini saboda sikila. Waɗannan duka sun zo ne bayan dubban lauyoyin da ke aiki yau sun ajiye littafi.

Kotuna ma suna sauya doka da hukuncinsu. A 2014, a shari'ar Ukeje da Ukeje, Kotun Ƙoli ta rushe al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, ta ce ta ci karo da sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya haramta nuna wariya. Lauyan da ke zaune a Sabon Garin Kano ko Kaduna, inda 'yan kasuwar Kudu ke da gidaje da shaguna, ba zai ce wannan hukunci bai shafe shi ba.

Gado, wasiyya da haƙƙin ma'aikaci

Nan ne ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati suka fi jin jiki. A Shari'a, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Amma a shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa tsohuwar dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Shari'a. Daga baya wasu jihohi, ciki har da Kaduna da Kwara, suka yi dokokin wasiyya na kansu da suka toshe wannan kafa, kuma a shari'ar Ajibaiye da Ajibaiye ta 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi amincewa da wasiyyar wani Musulmi ɗan Kwara da ta kauce wa Shari'a. Ke nan amsar tambaya ɗaya tana iya bambanta daga jiha zuwa jiha. Lauyan da ya tsaya a hukuncin 1971 zai rubuta wa attajiri wasiyyar da 'ya'yansa za su rushe bayan ransa, bayan sun ƙarar da wani kaso na dukiyar a zirga-zirgar kotu.

Dukiyar da ake gado ita ma ta canza kama. A da gona ce da gida da shanu. Yanzu akwai hannun jari, da kamfani mai rajista (Dokar Kamfanoni ta 2020 ta halatta wa mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai), da fili mai takardar mallaka a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da kuɗi a asusun banki da na manhajar waya. Sanin cewa mace tana da tumuni idan akwai ɗa, rubu'i idan babu, rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin yadda za a fito da dukiyar daga inda take, a mayar da ita sunan magada.

Ma'aikata da yawa suna ɗauka wanda suka rubuta a fom a matsayin makusanci shi ne magajinsu. Ba haka ba ne. Makusanci mutum ne da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Rubuta sunansa bai ba shi dukiyar ba. A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014, kamfanin fansho yana sakin kuɗin asusun mamaci ne idan an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Akwai kuma inshorar rai da doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Iyalai da dama ba su ma san da ita ba, kuma idan lauyansu bai sani ba, shi ke nan ta bi ruwa.

Hurumi da hujja

Kuskure mafi tsada a kotu shi ne kai ƙara inda ba ta da hurumi, domin duk abin da aka yi a can, komai kyansa, rusasshe ne. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya iyakance hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha ga al'amuran da suka shafi aure da rabuwarsa, dangantaka, riƙon yaro, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ta sha soke hukunce-hukuncen da aka yi a can a kan rikicin mallakar fili ko ciniki, saboda ba su cikin wannan jeri. Iyakar tana da siriri: gonar da magada ke gardamar rabonta maganar gado ce, amma gonar da wani bare ya ce ya saya daga hannun mamaci tana iya zama maganar mallaka. Gane bambancin tun ranar farko shi ke hana a dawo da mutane farkon layi bayan shekara biyar.

Hanyar kafa hujja ma ba ɗaya ba ce. A Babbar Kotu, saƙon WhatsApp ko hoton waya sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, har da takardar da ke bayanin na'urar da aka ciro shi. Wannan doka ba ta hau kan shari'o'in da ba na laifi ba a kotunan Musulunci da na gargajiya, sai idan an yi umarni na musamman. A can ana bin iƙirari da shaidu da rantsuwa, kuma kafin hukunci dole alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. An sha rushe hukunci a sama saboda rashin wannan tambaya guda. Sakin da aka aiko ta waya, wanda yanzu ya zama ruwan dare, yana buƙatar lauyan da ya san ƙofofin biyu.

A riƙon yara, Malikiyya ta bai wa uwa fifiko, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma tana kan uba. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yakan koma ga kakarsa ta wajen uwa kafin a zo ga dangin uba. Magidanta da yawa suna shiga kotu da zaton yaro nasu ne da zarar an yaye shi. Aikin lauya ne ya gaya musu gaskiya tun a ofis, ko da ba za ta yi daɗi ba.

Inda ake karatun

Baya ga cibiyar NBA da rassan ƙungiyar na garuruwa, akwai Cibiyar Nazarin Manyan Dokoki ta Najeriya da aka kafa a 1979, da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Ƙungiyar Mata Lauyoyi, FIDA, da Ƙungiyar Lauyoyi Musulmi, MULAN, waɗanda duk ke shirya bita. Tun bayan annobar korona, kaso mai yawa na laccocin ya koma intanet, abin da ya sauƙaƙa wa lauyan Azare ko Yawuri da ba zai iya biyan kuɗin otal a Abuja ko Legas ba.

Alƙalai suna da tasu hanyar. Cibiyar Horas da Alƙalai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1991, tana shirya kwas ga sababbi da na sabunta sani ga tsofaffi, har da alƙalan kotunan Musulunci. A Arewa wannan tsohuwar al'ada ce: tun 1934 aka buɗe makarantar horas da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci.

Wani fanni da ya ƙara ƙarfi shi ne sulhu. Dokar 1970 ta ɗora wa kotu duba yiwuwar sasanta ma'aurata, ƙa'idojin ɗa'a kuma sun wajabta wa lauya ya sanar da wanda yake wakilta cewa akwai hanyar sasanci kafin a shiga shari'a. Legas ta buɗe zauren sasanci a harabar kotu a 2002, Kano a 2009, sannan aka yi sabuwar dokar sasanci ta tarayya a 2023. Iya zaunar da surukai biyu masu fushi su saurari juna fasaha ce da ake koya, kuma ba a koyar da ita sosai a ajin digiri.

Raunin tsarin a bayyane yake. Sa'o'i ake ƙirgawa, ba a tambayar a wane fanni aka same su. Lauyan da rabin aikinsa gado ne zai iya cika makinsa da lacca a kan dokar man fetur, takardarsa ta fito tsaf. Ingila ta gwada ƙirga sa'o'i, awa 16 a shekara ga rukunin lauyoyinta mafi yawa, ta yi watsi da shi a 2016, ta koma tsarin da kowane lauya zai auna inda yake da rauni ya nemi ilimin wurin. Ga kuma matsalar harshe: bitar da Turanci ake yi, littattafan da Larabci suke, zaman kotun Musulunci kuwa galibi da Hausa ake yinsa, kuma da wuya a sami kwas da ya haɗa ukun.

Ga mai neman lauya

Wanda zai damƙa maganar gidansa a hannun lauya yana da damar ya yi tambaya, kuma ba rashin ladabi ba ne. Ya duba ko takardun da lauyan ke sa wa hannu suna ɗauke da hatimin NBA mai sunansa da lambarsa. Ya tambaye shi a wace kotu za a shigar da ƙarar, kuma me ya sa can. Ya tambaye shi ko ya saba tsayawa a irin wannan kotu, da ko jihar tana da tata dokar a kan al'amarin. Ƙa'idojin ɗa'a sun hana lauya karɓar aikin da ya san bai ƙware a kansa ba, sai dai ya haɗa kai da wanda ya ƙware, don haka lauyan da ya ce zai tuntuɓi malamin fara'ili ko wani abokin aiki kafin ya ba da amsa yana kan ƙa'ida.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya zai iya tuntuɓar Hukumar Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ko reshen FIDA na jiharsa. Ƙorafi a kan sakacin lauya ko cin amana kuwa ana rubuta shi ne zuwa ga NBA ko Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda ke da ikon yin gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke sunan mutum daga rajistar lauyoyi baki ɗaya.